Wa Zai Riƙe Maus a Ajin Kwamfuta?

A watan Fabrairun 2018 wani hoto daga Ghana ya zagaye duniya. Malami ne, Richard Appiah Akoto, a wata ƙaramar sakandare da ke Sekyedumase a yankin Ashanti, yana tsaye gaban allo yana zana fuskar manhajar Microsoft Word da alli kala-kala, har da 'yan ƙananan alamomin nan da ke jere a sama. Makarantar ba ta da kwamfutar da za a nuna wa yara, ga shi kuma darasin yana cikin jarabawar fita. Duniya ta tausaya, aka yi ta aiko da kwamfutoci, kamfanin Microsoft ya kai malamin taro Singafo. Mu da muka san makarantun gwamnati a Arewa, hoton bai ba mu mamaki ba, sai dai mu ce malamin ya fi namu iya zane.

A makarantunmu da yawa darasin kwamfuta hadda ce zalla. Malam ya rubuta ma'anar kwamfuta a allo, ya jero sassanta, ya kawo tarihinta zamani bayan zamani, yara su kwafe, ƙarshen zango su mayar masa da abinsa a takardar jarabawa. Yarinya sai ta ci maki tamanin alhali ko sau ɗaya hannunta bai taɓa sauka kan maus ba. Ranar haɗuwarsu ita ce ranar JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Matsalar ta kai sai da hukumar ta tsara yadda ɗalibi zai iya amsa tambayoyi da 'yan maɓallai kaɗan ba tare da ya taɓa maus ba.

Yanzu magana ta wuce nan. Abin da ake yayi shi ne koya wa yara kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni mataki-mataki har ta aikata abin da kake so. Estoniya ta fara da 'yan firamare a 2012, Ingila ta sa shi cikin tsarin karatu a 2014 tun daga 'yan shekara biyar, Ruwanda ta buɗe makaranta sukutum domin wannan a 2019, Kenya ta amince da manhajar koyar da shi a 2022. A Najeriya ma ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku. Ɗaya daga cikin hujjojin da ake kafawa a ko'ina ita ce, idan aka kai kodin aji, ƙofar wannan sana'a za ta buɗe wa waɗanda aka daɗe da bari a waje: mata, 'ya'yan talakawa, mutanen karkara, da al'ummomin da ba a cika ganin fuskokinsu a manyan kamfanonin fasaha ba.

Ina tare da wannan buri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zaton da ake yi cewa da zarar an rubuta kodin a takardar manhajar karatu, shi ke nan an gama. Inda aka gwada, an ga darasin yana iya buɗe ƙofa, yana kuma iya ƙara mata sakata, gwargwadon yadda aka tsara ajin farko.

Wani zai ce, mene ne damuwarmu da wanda ya rubuta manhaja, muddin tana aiki? To ai ba ta yi wa kowa aiki daidai. Duk wanda ya cike fom a intanet ya san gurbin nan na sunan iyali da ba a tsallake shi. Bahaushe kuwa sunansa da na mahaifinsa yake da su, wani ya ƙara da sunan gari ko unguwa. Sai a NIN sunan uba ya zama sunan iyali, a BVN sunan gari ya hau gurbin, a takardar makaranta a juya su baya-gaba. Ranar da kwamfutocin suka gwada bayanan suka ga ba su yi daidai ba, asusu ya rufe, rajistar jarabawa ta tsaya, mutum ya shiga zaryar kotu neman takardar rantsuwa a kan sunan da aka raɗa masa tun ranar bakwai. Haka Ɗanladi da Ƙasimu suke ganin harafin farko na sunansu ya koma ɗan akwati ko alamar tambaya a wasu fom. Babu mugunta a ciki. Wanda ya tsara abin bai taɓa zama da mai irin wannan suna ba, kuma a ɗakin da aka tsara shi babu wanda zai ɗaga hannu ya ce a dakata.

A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana da ke bincike a MIT a lokacin, ita da Timnit Gebru suka gwada manhajojin gane fuska na manyan kamfanoni uku. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35. Sai da mace baƙa ta zauna gaban na'urar kafin aka auna wannan. Mu ma nan, da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti a 2022, tarin rubuce-rubucen Twitter na Hausa da Ibo da Yarabanci da Fijin da aka tantance domin koya wa kwamfuta gane yabo da suka, aikin ya yiwu ne saboda akwai masu jin harshen da suka iya sana'ar.

Tarihin Amurka a kan wannan batu abin nazari ne, domin su ƙofar a buɗe take da farko, daga baya ta tsuke. Mata shida ne suka tsara aikin ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, a tsakiyar shekarun 1940. A 1984 mata ne kashi 37 cikin 100 na masu samun digirin farko a ilimin kwamfuta. Daga nan adadin ya yi ta zamewa har ya sauka wajen kashi 18. Shekarun da ya fara zamewa su ne shekarun da ƙaramar kwamfuta ta shiga gidaje, ana tallata ta a matsayin kayan wasan yara maza. Jane Margolis da Allan Fisher sun yi shekaru suna hira da ɗaliban Jami'ar Carnegie Mellon, suka fitar da littafinsu Unlocking the Clubhouse a 2002. Abin da suka gano ba shi da sarƙaƙiya. Yaro ya shigo jami'a da shekaru yana taɓa kwamfuta a ɗakinsa, yarinya ta shigo da ƙwaƙwalwar lissafi amma ba ta taɓa rubuta layi ɗaya ba. A makon farko shi yana ta zuba kalmomin da ba ta taɓa ji ba, malami yana gyaɗa kai. Ita kuma ta yanke hukunci a ranta cewa wannan baiwa ce da ba a ba ta ba, ta canza kwas. Jami'ar ta daina fifita wanda ya riga ya iya wajen ba da gurbi, ta buɗe hanyoyin shiga daban-daban a shekarar farko, ta horar da malaman sakandare. Mata suka tashi daga kashi 7 a 1995 zuwa kashi 42 a 2000.

Kwalejin Harvey Mudd da ke Kalifoniya ta yi makamancin haka zamanin shugabancin Maria Klawe. Suka raba ajin farko gida biyu, waɗanda suka taɓa da waɗanda ba su taɓa ba, suka sauya darasin ya koma warware matsaloli na zahiri da harshen Python. Akwai wata ƙaramar dabara da ta fi burge ni. Ɗalibin nan mai yawan nuna iyawa a aji, malami zai kira shi gefe, ya yaba masa, ya ce irin waɗannan tambayoyin ka riƙa kawo mini ofis mu tattauna. Ba a kunyata shi ba, ajin kuma ya samu sarari. Cikin 'yan shekaru mata suka tashi daga wajen kashi 10 zuwa wajen kashi 40 na masu karanta kwamfuta.

Mu dawo gida mu tambayi kanmu, wane ne ke shigowa ajin farko da iyawa? Ɗan makarantar kuɗi da ke da kwamfutar tafi-da-gidanka a falo. Sai kuma yaron unguwa da aka bari ya zauna shagon yayansa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko ya wuni a kafe yana kallon yadda ake cike fom. Ƙanwarsa ba za a bar ta ta zauna a ɗaya daga cikin wuraren nan ba, kuma iyayen suna da dalilinsu. Wayar gidan ma, idan guda ce, an san hannun da take kwana. Saboda haka wurin da yarinyar Gaya ko Bakori ko Illela za ta iya haɗuwa da wannan ilimi ba tare da an yi mata tambayar ina za ki ba, aji ne, cikin lokacin makaranta.

Wannan ya sa nake adawa da kulob. Yawancin ƙoƙarin da ake yi yanzu na kulob ne: bayan an tashi, ko ranar Asabar, ko lokacin dogon hutu, mai so ya zo. Masu yi suna da kyakkyawar niyya, kuma wasu sun yi abin a zo a gani. 'Yan mata biyar daga wata sakandare a Onitsha sun ci zinare a gasar Technovation ta duniya a 2018 da manhajar gano jabun magani. Abisoye Ajayi-Akinfolarin ta yi suna da koya wa 'yan matan unguwannin talakawa na Legas, irin su Makoko. Amma ka dubi yinin yarinya a garuruwanmu. Ta tashi boko ƙarfe ɗaya ko biyu, ga wanke-wanke, ga Islamiyya da la'asar, wata ga farantin talla, Asabar da Lahadi kuma Islamiyyar safe ce da wanki. Kulob ɗin ƙarfe huɗu ya riga ya zaɓi mutanensa tun kafin a buɗe rajista. Duk abin da aka ce na ganin dama ne, mai dama ke samu. A sa shi cikin jadawalin darasi tsakanin lissafi da Turanci, a kan kowa, daga aji huɗu na firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, kafin yaro ya kai shekarun da zai ji an ce wannan na maza ne ko na 'ya'yan masu kuɗi.

Kada kuma a ce al'ada ko addini ne suka hana. A Maleshiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, mata kan kai rabin ɗaliban kwamfuta a jami'o'i, kuma masu binciken da suka je sun tarar iyaye na kallon sana'ar a matsayin aikin ofis mai tsafta da ya dace da 'ya mace. Sana'ar da za a iya yi daga cikin ɗaki, a biya ka ta banki, ban ga wadda ta fi ta dacewa da matar aure a Zariya ba.

Sai dai sa shi cikin jadawali kaɗai bai wadatar ba, Ingila shaida ce. Sun cire tsohon darasin amfani da kwamfuta, wanda 'yan mata da dama ke ɗauka, suka kawo ilimin kwamfuta mai zurfi, amma ba su tanadi malamai ba. Rahoton Royal Society na 2017 ya nuna fiye da rabin sakandaren Ingila ba sa ma koyar da darasin a matakin jarabawar GCSE, kuma cikin masu ɗaukarsa mace ɗaya ce a cikin biyar. Sai da gwamnati ta ware fam miliyan 84 ta kafa cibiyar horar da malamai a 2018. Ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan.

Mu kuwa abin da muka fi ƙauna shi ne rabon kaya, don shi ne ake ɗauka a hoto. Mun ga shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro da Nicholas Negroponte ya kawo a 2005, wanda aka gwada a wata firamare a Galadima da ke Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubbai ta raba. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya auna makarantun karkara sama da 300, a rahotonsa na 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba. Margolis ma da ta koma sakandare uku a Los Angeles, a littafinta na 2008, ta tarar makarantun baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka suna da kwamfutoci, amma buga rubutu ake koya musu, kodin na gaske yana can makarantar unguwar masu hali. Namu salon kowa ya san shi: ɗaki mai ƙofar ƙarfe, kwamfutoci ashirin lulluɓe da leda, makulli a aljihun hedimasta, ba a buɗewa sai baƙi sun zo daga ma'aikata. Hedimastan ma ba laifinsa ba ne kacokan, domin idan ɗaya ta lalace shi za a tuhuma, kuma babu wanda ya ba shi kuɗin man janareta.

Alhali makonnin farko ba sa bukatar wuta. Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand da abokansa sun tsara darussa tun shekarun 1990 da ake kira CS Unplugged, kyauta ne, ba kwamfuta a ciki. Yara biyar su fito gaban aji, kowa da kwali. Na farko ɗigo ɗaya, na biyu ɗigo biyu, sai huɗu, takwas, goma sha shida. Malama ta ce a nuna mata goma sha uku. Aji ya kaure da gardama har a gano mai takwas da mai huɗu da mai ɗaya ne za su nuna nasu, sauran biyun su juya kwalinsu. Da kwali biyar za a ƙirga har talatin da ɗaya, kuma yaran sun fahimci yadda kwamfuta ke riƙe lamba da kunnawa da kashewa kawai. Ko malama ta zama ita ce na'urar, ta ce a ba ta umarni ta isa ƙofa, ba za ta yi komai ba sai abin da aka faɗa. Aka ce ta yi gaba, ba a ce taku nawa ba, sai ta yi ta tafiya har ta dafa bango. Dariyar da za a yi a nan ta fi shafi goma na kwafe.

Idan an zo kan na'ura, akwai Scratch, wanda Mitchel Resnick da tawagarsa a MIT suka fitar a 2007. Kyauta ne, ana iya sauke shi a yi aiki ba intanet, kuma yaro ba ya buga dogon Turanci, tubala masu launi yake ja yana haɗawa. Yarinyar da ke taya uwarta ɗinkin hula ta riga ta san zuciyar abin: zare kaza sama, kaza gefe, a maimaita har zanen ya zagayo ya haɗe. Ka ce ta sa magen da ke fuskar Scratch ta zana murabba'i. Taku ɗari, juya digiri casa'in, maimaita sau huɗu. Ta sa tamanin a maimakon casa'in, zanen ya ƙi haɗewa, ya bar baki buɗe. Ba wanda ya ce mata ta yi kuskure, da idonta ta gani, ta koma ta nemo inda yake ta gyara. A makarantun da kuskure ke jawo bulala ko dariyar 'yan aji, har yara suka koyi cewa shiru ya fi, darasin da kuskure yake cikin aikin yau da kullum ba ƙaramin abu ba ne. Malamin da ya shigo wannan aji da dorina ya kashe darasin.

Sai batun da na ɗauka ya fi kowanne, ko da yake ba ya shiga takardar manufa. Aji mai yara tamanin, kwamfuta goma. Takwas-takwas ke nan. Cikin minti ɗaya yaron da ya saba ya janye maus, sauran maza sun rufu a kansa, 'yan matan suna baya riƙe da littafi, su ne masu rubuta abin da aka yi. A rajista duka tamanin sun halarci darasin kodin. A zahiri goma ne suka yi. Maganin ba ya cin ko kwabo: a raba ajin rukuni-rukuni, wasu na aikin kwali wasu na kan na'ura, masu na'ura su zauna bibbiyu, ɗaya na riƙe da maus ɗaya na faɗa masa abin yi, bayan minti biyar malama ta buga tebur a yi musanya. A makarantar da ke haɗe, a haɗa mace da mace. Wanda ya riga ya iya a ba shi aiki mai wuya a gefe, kada a naɗa shi mataimakin malami, domin zai karɓe maus ne da sunan taimako. Bayani kuma a yi shi da harshen da yaran ke tunani da shi. Yaron da ke fama da Turanci, aka haɗa masa da sabon tunani a cikin Turancin, ba za ka taɓa sanin wanne ne ya kayar da shi ba.

Na san abin da wani malamin firamare zai ce, kuma yana da gaskiya: yaran da ba su iya karanta jimla ɗaya ba, a rufin da ke yoyo, su za a koya wa kodin? Ga kuma yara miliyan 10.5 da UNICEF ta daɗe tana cewa ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Karatu da lissafi su ne gaba, shi ya sa ban ce a fara daga aji ɗaya ba. Amma makarantun kuɗi ba za su jira mu gama gyaran rufi ba, sun riga sun fara, kuma duk shekarar da aka jinkirta tazarar 'yan mowa da 'yan bora ƙaruwa take. Wani kuma zai ce tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 na'ura ke rubuta kodin da kanta. Tana rubutawa, tana kuma yin kuskure da cikakkiyar gadara, kuma wanda bai iya karanta abin da ta rubuta ba sai dai ya karɓa ya yi godiya.

Kuɗin da za a kashe, a fara kashe shi a kan malami. Dokar UBEC ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin bai-ɗaya, kuma shekara da shekaru jihohi na barin rabonsu a ajiye don sun kasa kawo nasu kason. Muna da kwalejojin ilimi na fasaha a Bichi da Gombe da Potiskum, ga ta Gusau wadda ta mata ce zalla. A nan ya kamata a fara, a tabbatar duk mai fita da NCE a fannin kwamfuta ya taɓa gina wani abu da Scratch da Python da hannunsa, ya kuma koyar da darasin kwali a gaban yara na gaske lokacin koyon aiki. Malamai mata a tura su makarantun 'yan mata, inda uba ba zai yi ɗar-ɗar ba. Sai a shirya wa abin da zai biyo baya: malamar da ta iya Python sosai za ta gane cewa aikin mako guda ta intanet na iya fin albashinta na wata, kuma makarantar kuɗi da ke bakin titi za ta yi mata tayi. Idan jiha ba ta sa mata alawus na musamman a kan albashi ba, kuma ta biya a kan lokaci, to ta horar wa wasu ne.